Ƙugiyar da Keken Rubutu Ya Cinye

Duk wanda ya yi noman rani tsakanin Kura da Bunkure a shekarun da aka matsa wa mutane da noman alkama, ya san Sammani. In bai san fuskarsa ba ya san muryarsa, don Sammani ba ya magana da mutum ɗaya. Ko gaisuwa zai yi maka, sai na ƙetaren kanal sun ji. Lebura ne a ofishin noman rani, aikinsa yashe laka da ciyawa daga magudanan ruwa, shekara shida yana riƙe da shebur ɗaya. Amma in ka zauna da shi a teburin mai shayi, wallahi sai ka ɗauka shi ya haƙa dam ɗin Tiga da farcensa, sauran jama'a kallo suka je.

Yana da takardar shaidar ajin yaƙi da jahilci. Ya sa ta a gilashi ya rataye a zaure, daidai inda baƙo zai yi karo da ita. Ya kuma taɓa zaman wata uku a Kaduna yana tura kurar ruwa, kusa da wani wuri da ake kiwon karnukan 'yan sanda. Ta saman katanga yake leƙensu. To, wannan leƙen ne ya dinga girma a bakinsa shekara bayan shekara, har ya zama shi ne ya koya wa karnukan fareti.

Abin da Sammani ke so a duniya guda ɗaya ne, Ƙofa ta Bakwai. Ƙofar ruwa ce a kan babban kanal, ita ke shayar da gonakin ƙauyuka uku, har da 'yar gonar tumatir ɗin shi Sammanin. Tsohon da ke murɗa ta ya ajiye aiki saboda ciwon baya. Mai ƙofa yana da keke, yana da kaki, yana da wani dogon ƙarfe da ake buɗe ruwa da shi. Abin da ya fi duka kuwa, manomi komai girman rawaninsa shi ke fara gaishe da mai ƙofa. Sammani shekara shida yana cikin laka har gwiwa, mutane na wucewa ta kansa suna jefo masa "sannu" ba su ko duba wane ne a ciki ba. Abin nan yana cin ransa ƙwarai.

Wanda zai naɗa sabon mai ƙofa shi ne Injiniya Muhammadu Sani. Shi kuma wani Bature da ya gama kwangila ya bar masa kwikwiyo, baƙi da ruwan ƙasa, kunnuwa a tsaye, ƙafafu manya-manya. Sunansa Manjo. Ana nan sai aka tura Injiniya kwas Legas na mako biyu, iyalinsa suka ce su dai ba sa zama da kare. Yana tsaye a bakin ofis yana tambayar wanda zai iya riƙe masa, sai ga kan Sammani ya ɓullo daga cikin magudana.

"Ranka ya daɗe, kare ake magana? Ai ka zo gida. Arba'in na riƙe a Kaduna. In na yi tari zama suke, in na yi atishawa su miƙe."

Injiniya ya dube shi tun daga hular har lakar ƙafa. Ba wai ya yarda ba ne, sai dai ba wani da ya ɗaga hannu.

"To shi ke nan," in ji shi. "Mako biyu. In na dawo na same shi lafiya lau, Ƙofa ta Bakwai taka ce. Zan sa akawu ya buga maka takardar yadda za ka kula da shi."

Washegari aka damƙa wa Sammani kwikwiyo, da babban gwangwanin madarar gari, da takarda. Hanyar gidansa ba ta bi ta kasuwa ba, amma ranar ta bi.

Matarsa Turai ta tare shi a ƙofar zaure, hannu a ƙugu.

"Malam, wannan fa?"

"Wannan keke ne da kaki, in kina da idon gani."

"Ni dai kare nake gani. Kuma ba a cikin gidan da nake salla ba."

Aka ɗaure Manjo a gindin darbejiyar bayan gida. Maƙwabta biyu suka zo kallo. Ɗaya Malam Mukhtari, mai makarantar allo, wanda in ya sallami ɗalibai yake noman tumatir kamar kowa. Ɗayan Maikano, Bamaguje, manomi ne mai karnuka biyar, bai taɓa shiga aji ba, bai kuma taɓa jin ya yi asara ba. Sammani ya gyara murya ya karanta musu takardar, kamar mai karanta labarai a rediyo. Ga yadda keken ofis ya buga ta:

1. A dama masa madara safe da yamma.
2. Kada a daure shi a rana.
3. Kada a bari ya ci kashi ko kadan. Likitan dabbobi ya hana.

Kamar jira yake, Sammani na rufe baki kwikwiyon ya zagaya sau biyu, ya tsugunna, ya sauke abin da zai sauke. Sannan ya juyo cikin natsuwa, ya shinshina, ya mayar da kayansa inda suka fito.

Sammani ya dubi takarda, ya dubi kare, ya dubi maƙwabta.

"Kun gani? Ilimi ke nan. Tun daga ofis aka hango shi."

Malam Mukhtari ya karɓi takardar ya nisanta ta da idonsa. Ya iya boko daidai gwargwado, sai dai bai sa nasa a gilashi ba.

"Sammani, keken rubutun nan ba shi da ƙugiya. Dubi nan, an buga kadan, kaɗan ake nufi. Nan an buga daure, ɗaure ake nufi. To wannan kashin fa? Na bayan gida ne, ko ƙashi na mahauta? Da da ajami aka rubuta, kaf daban, ƙaf daban, ba rigima. Ga ofis can, je ka tambayi akawu."

"Allah gafarta Malam, in maganar allo ce zan zo in durƙusa. Wannan boko ne. Mu da muka yi shi, a ka muke ɗauke da ƙugiya. In je in tambayi akawu, a ce mai shaidar makaranta ya kasa layi uku? Ga shi kuma yanzun nan a gabanka ya ci."

Maikano ya tofar da goro ya ce, "Kwikwiyo ne fa. Yarinta ce da yunwa. Ka cika masa ciki, in ya yi ka kwashe, zai bari da kansa."

"Naka karnukan ƙauye ne, Maikano. Wannan kakansa a jirgin sama ya zo. Ba a yi masa aikin gargajiya."

Maganar cika ciki kuwa, nan ma akwai labari. Sammani ya ce ba a ba dabbar Turawa abu sai ƙwararre ya ɗanɗana. Yakan ɗanɗana da safe a cikin shayi, cokali huɗu, ya ɗanɗana da yamma a cikin kunu. Abin da ke isa kwanon Manjo wani farin ruwa ne da ya taɓa jin labarin madara.

Dabarar farko ita ce yaji. Turai ta kwana biyu tana daka yajin jego da za ta kai wa ƙanwarta Kubra, wadda ta haihu a Garun Mallam. Yaji ne na gaske, da citta da kanumfari da masoro. Sammani ya faki idonta ya kwashi rabi a aljihu, ya laɓe bayan darbejiya. Manjo na tashi daga tsuguno, ya yi wuf ya barbaɗa.

Kwikwiyo ya shinshina, ya yi atishawa sau uku. Sammani ya fara murmushin nasara. Sai Manjo ya sake matsowa, ya lasa, ya tsaya kamar mai tunani, sannan ya share wurin tas har da ƙasar ƙasan. Ya ɗago kai yana kaɗa wutsiya, yana kallon aljihun.

Maikano na leƙe ta kan danga. "Saura albasa da ƙuli-ƙuli, Sammani. Sai ka kafa masa tukuba."

"Gwaji ne na farko. A Kaduna ma haka ake fara..."

Bai ƙarasa ba, don gumi ya zubo masa, ya sa hannun nan na yaji ya share fuska. Mutanen da ke ban ruwa sun ce sun ga wani abu ya wuce su da gudu, ido a rufe, baki a buɗe, ya tsoma kai cikin kanal kamar agwagwa. Da ya dawo da idanu jajur, Turai na zaune da kwanon yajinta a gaba.

"Malam, in je in ce wa Kubra me? In ce kare ya riga ta jego?"

"Ki ce mata mijin yayarta ya kusa zama mai ƙofa."

"To. Sai ta barbaɗa ƙofar a kan nama."

Dabara ta biyu takunkumi. Ya samo ƙaramin kwandon tumatir, ya kifa a kan Manjo, ya ɗaure da igiya ta bayan kunne. Wai baki ba zai kai ƙasa ba. Abin da bai lissafa ba shi ne ido ma ba zai kai ko'ina ba. Kwikwiyo ya ji duniya ta yi duhu, ya fizge igiyar gindin bishiya, ya zura da gudu. Ya bi ta kan kauɗar tumatir ɗin da Malam Mukhtari ya kwana uku yana yankawa yana shanyawa, ya watsa ta kamar kaji sun yi tono. Ya ratsa tsakanin ƙafafun jakin Maikano, jaki ya yi harbi ya zubar da mangalar taki. Daga nan kwando da kare suka faɗa magudana.

Ranar Juma'a ce, Sammani ya riga ya sa farar rigarsa. Ya tsaya a bakin ruwa yana kallon kekensa da kakinsa suna nutsewa, sai ya bi su. Ya fito da kwikwiyo a hammata, kwando a wuya, gansakuka a gemu. Masu tafiya masallaci suka tsaya a kan kwalbati.

"Malam Sammani, wanka ne ko kamun kifi?"

"Horon ruwa ne. Karen da bai iya iyo ba ba ya aikin gwamnati."

Malam Mukhtari ya nufi inda shanyarsa ta watse. Ya tsugunna yana tsince kauɗarsa ɗaya bayan ɗaya, bakinsa na motsi. Wasu sun ce tasbihi yake, wasu sun ce ba tasbihi ba ne.

Dabara ta uku ya kira ta tsarin Kaduna. Tsarin shi ne mutum ya ɗauki shebur ya tsaya a bayan kare tun hantsi har la'asar, ido a kan wuri ɗaya. Wannan ita ce rabin shawarar Maikano, amma da ka faɗa wa Sammani haka gara ka zagi kakansa. Matsalar ita ce kwikwiyo mai yunwa ya fi shebur sauri. Kafin Sammani ya sunkuya an gama. Har Manjo ya gane wasa ne, ya saba, ya zama ba ya tsugunnawa sai ya waiwaya ya ga Sammani a bayansa da shebur a shirye. Mutane kuma suka samu sabuwar gaisuwa.

"Sannu da gadi. An samu fitowa?"

"Yaya mai jiki? Yau wa ya riga wani?"

Ga shi dai a ƙarshe ana fara gaishe shi, amma ba irin wadda ya roƙa ba.

A kwana na bakwai ya je teburin mai shayi na bakin ofis don ya ba jama'a rahoto, ko da yake ba wanda ya tambaya. Ya manta, ko kuma bai waiwaya ba, cewa mai gadin ofis yana zaune a bencin bayansa. Baffa sunansa, tsohon soja ne da ya yi yaƙin basasa. Kofur ya fito, amma shekara goma sha biyar duk yankin Manjo ake kiransa, shi kuma yana amsawa.

"Ai Manjo sai addu'a," in ji Sammani da muryar nan tasa. "Jiya sau uku. Ya tsugunna ya yi abinsa, ya juyo ya cinye. Na zuba masa yaji, sai ma ya ƙara lashe baki. Yanzu kullum ina tsaye a bayansa da shebur."

Mai shayi ya tsaya da buta a sama.

"Wa ka ce?" in ji wata murya a hankali daga baya.

"Manjo mana. Ai ƙazantar Manjo..." Ya waiwaya. "Ranka ya daɗe, ba kai ba. Ɗayan. Mai wutsiyar."

"Au, har wutsiya gare ni."

Baffa bai ɗaga murya ba. Ya ajiye kofinsa, ya ɗauki kulkinsa, ya nuna wa Sammani hanya. Daga teburin shayi zuwa kwalbatin farko tafiya ce mai ɗan nisa, Sammani ya yi ta da tsallen kwaɗo, shebur a saman kai, tsoho na biye yana ƙirga masa. Da aka tambaye shi daga baya, sai ya ce tsofaffin ma'aikatan tsaro ne suka haɗu suna tuna baya.

Saura kwana shida Injiniya ya dawo, Sammani ya fara ramewa ta ido, ko da yake kumatunsa sun yi luwai. Ran kasuwar Kura ya shiga yana tafe yana ɗingishi, har ya iso layin mahauta. Nan ya ga wasu karnuka kwance a bayan rumfa, kowanne da ƙashi a baki. Ga ƙazanta ko'ina kewaye da su, ba wanda ya ko kalle ta. Sammani ya tsaya cak, ya dafa ƙirji.

"Surajo," ya ce da mahaucin, "baki nawa kare ke da shi?"

"Ɗaya, in ba a Kaduna ba."

"To in ƙashi na ciki, ta ina kashi zai shiga?"

Surajo ya ga hanyar rabuwa da sharar rumfarsa. Ya cika masa buhu. Masu gasa kaji suka ƙara masa nasu, ƙananan nan masu tsini. Sammani ya goyo buhu har gida, ya zazzage a gaban Manjo. Kwikwiyon da ya kwana takwas a kan farin ruwa ya faɗa wa tulin nan kamar ya ga uwarsa. Ya gwagwiya da safe, ya gwagwiya da rana, ya gwagwiya da yamma.

Malam Mukhtari ya wuce da fartanya a kafaɗa, ya ga tulin, ya tsaya.

"Sammani, in ta tabbata mai ƙugiyar ake nufi fa?"

"Malam, kai dai ka taya mu da addu'a. Fannin kimiyya ka bar mana."

Kwana ɗaya, Manjo bai ci kashi ba. Kwana biyu, bai ci ba. A kwana na uku Sammani ya lura ai ba ci kaɗai aka daina ba, yi ma an daina. Kwikwiyo ya zagaya, ya tsugunna, ya yi nishi, ya tashi ba komai. Da wani mai hankali ne, da hankalinsa ya tashi. Sammani kuwa kasuwa ya nufa.

"Jama'a, na gama. Ba ciniki kaɗai na hana ba, masana'antar ma na rufe."

Maikano ya zo ya tsugunna ya taɓa cikin kwikwiyon. Ya yi tauri kamar ganga, ga haƙarƙari a waje.

"Sammani, cikin karen nan a ɗaure yake. Kawo shi in ba shi man gyaɗa tun da sauran dama."

"Ƙiba ce. Ba ka saba ganin kare mai ƙiba ba, shi ya sa."

"Ƙiba a ciki kaɗai?"

"Haka ta Turawa take farawa."

Sauran kwanakin ya yi su ne yana koyon murɗa ƙofa da taɓaryar Turai a tsakar gida. Ya kuma fara sanar da manoma waɗanda za su sha ruwa da wuri da waɗanda za su jira. Duk wanda ya taɓa ce masa "an samu fitowa?" yana layin baya.

Injiniya ya dawo ranar Laraba, ya sa aka tara manoma da hantsin Alhamis a inuwar mangwaron da ke bakin Ƙofa ta Bakwai, don a faɗi ranakun ruwa a kuma nuna sabon mai ƙofa. Mutum ya kai ɗari biyu. Ga dogon ƙarfen a kan tebur, ga kaki a ninke, ga keke a jingine. Sai ga Sammani cikin farar rigar nan da Turai ta sha wahalar wankewa, yana turo baro. A cikin baron Manjo ne kwance, kunnuwan da ke tsaye sun kwanta, ga wani buhu a gefensa.

"Me ya sa ba ya tafiya?" in ji Injiniya.

"Ranka ya daɗe, ranar biki ce. Ba ya taka ƙasa."

Kafin a hana shi ya juya ya fuskanci jama'a. Ya ba da tarihin Kaduna. Ya ba da na yaji da na kwando, ya tsallake na teburin shayi. Ya ce umarni na uku ya gagari kowa a yankin nan, har da masu allo da masu karnuka biyar, amma yau kwana biyar ke nan ko ƙwaya kwikwiyon bai ci ba, bai ma yi ba balle ya ci. Sannan ya ɗaga buhun ya zazzage shi a gaban tebur, ƙasusuwa suka zubo har kan takalmin Injiniya.

"Ga maganin. Buhu biyu da rabi ya sha. Wannan ragowar ce."

Injiniya ya dubi tulin. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar, ko zai ga wani abu daban.

"Ƙashi ka ba shi?"

"Safe, rana, yamma."

"Ban rubuta maka kada ya ci ƙashi ba?"

"Kashi ka rubuta, ranka ya daɗe."

"Ƙashi na ce."

"Kashi na gani."

"Ƙa, Sammani. Ƙa. Daga maƙogwaro."

"Takardar ba ta da maƙogwaro, ranka ya daɗe. Ga ta."

Aka kira akawu. Ya zo yana sosa ƙeya ya ce keken ofis tun da aka kawo shi daga Ingila ba shi da ƙa, ba shi da ɗa, ba shi da ɓa. Da biro ake sa ƙugiya daga baya, ranar kuma biron ya ƙare. Ya ce ai da an zo an tambaye shi da ya faɗa, kullum yana nan zaune. Malam Mukhtari ya yi ɗan tari daga cikin jama'a, tari ɗaya tak, amma kowa ya ji shi.

"Likita ya ce ƙashi zai toshe masa hanji," in ji Injiniya cikin haushi. "Abu ɗaya na hana. Shi ka ba shi buhu biyu da rabi. Ina madarar?"

"Ta shiga inda ya dace."

"Ta shiga kuwa," in ji Baffa mai gadi daga gefe. "Yallaɓai, dubi haƙarƙarin karen, ka dubi kumatun mai karen."

Dariyar da aka danne ta fashe. Injiniya bai yi ba. Ya durƙusa yana shafa kan kwikwiyon, ya tambaya ko akwai wanda ya san abin yi, don likita yana birni, kafin a kai shi wata ƙila an makara. Maikano ya fito ba tare da jawabi ba. Ya karɓi ludayin man gyaɗa wurin Gwaggo mai ƙosai, ya buɗe bakin Manjo ya ɗura masa kaɗan-kaɗan, ya bi da ruwan ɗumi, ya zauna a ƙasa yana murza cikin a hankali.

Aka manta da rabon ruwa. Manoma ɗari biyu, da dagatai biyu, da Injiniya mai digiri, suka yi da'ira suna kallon bayan kare. Abin da suka kwana goma suna yi wa Sammani dariya a kai, ga shi kowa na yi, har da ɗage.

Can Manjo ya miƙe yana tangaɗi. Ya zagaya sau biyu, ya fara tsugunnawa, sai ya waiwaya, ya fasa. Ya sake zagayawa, ya waiwaya, ya fasa.

"Me yake nema?" in ji Injiniya.

"Ya saba ne," in ji Maikano. "Ba ya yi sai da mai shebur a bayansa."

Idanu ɗari huɗu suka koma kan Sammani. Wani mai kirki ya miƙo shebur. Haka ya tako tsakiyar fili, cikin farar riga, a gaban kaki da keke da ƙarfe, ya ɗan rusuna a bayan kwikwiyo kamar yadda ya saba. Manjo ya waiwaya, ya ga mutuminsa, hankalinsa ya kwanta. Ya yi nishi mai tsawo, abin ya fito, fari fat kamar alli, ya faɗa cikin shebur da ƙara.

"Alhamdu lillahi," in ji taron gaba ɗaya, kamar an ga wata.

Kwikwiyo ya juyo ya shinshina, ya ga ba abin ci a cikin allin nan, ya kau da kai. Sammani ya miƙe da shebur a sama.

"Kun gani? Bai ci ba. A rubuta cewa bai ci ba."

Ba wanda ya rubuta. Injiniya ya ɗauki kwikwiyonsa, ya ce Maikano ya biyo shi mota, ya ce a mayar da kaki da keke ofis. Taro ya watse, aka bar Sammani da baro da ƙasusuwa, da abin da ke cikin shebur bai san inda zai zuba ba.

Kwana biyu yana gaya wa mutane an ɗage bikin ne don a gayyato manya daga Kano. A rana ta uku masinja ya kawo masa takarda daga ofis, bugun keken nan dai. Layi biyu ce:

Sammani, ka koma bakin aikinka na magudana.
Maganar kofa ta kare.

Ya karanta a zaure, a ƙarƙashin gilashin shaidarsa. Ya karanta sau uku. Turai ta leƙo ta ce ko a kawo taɓarya ya ci gaba da koyo. Ya ninke takardar, ya fita, ya sami Malam Mukhtari a bakin gonarsa yana jiran ruwa. Ya durƙusa, ya yi sallama da wata ƙaramar murya da ba a taɓa sanin yana da ita ba.

"Allah gafarta Malam, a duba mini wannan layin na ƙasa. Maganar ƙofa ta ƙare ne, mai ƙugiya? Ko kuwa ta kare, wato karen suka ba?"

Malam ya nisanta takardar da idonsa, ya daɗe yana dubawa fiye da yadda layi biyu ke bukata. Sannan ya miƙa masa abarsa.

"Sammani, ko da ƙugiya ko babu, ba taka ba ce."

Sai suka ji ƙararrawar keke a kan hanyar kanal. Maikano ne cikin sabon kaki da ya yi masa ɗan yawa, dogon ƙarfe a kafaɗa, Manjo na biye da shi a guje, ciki ya sace, kunnuwa sun miƙe. Sammani ya dubi tumatir ɗinsa a can gefe, ganye duk ya yi laushi, kwana goma sha biyar ba ruwa yana gadin bayan kare. Ya cire hula.

"Barka da hantsi, mai ƙofa," in ji shi. "An tashi lafiya?"